Firinta mai araha ta gida: mai katirij, mai tanki ko mai leza?

Duk wanda ya taɓa fita bayan isha'i yana neman shagon da zai buga masa takardar jarabawar JAMB ta yaronsa, ko takardar kiran bautar ƙasa, ko rasit ɗin kuɗin makaranta da ake buƙata da sassafe, ya san dalilin da ya sa magidanta da yawa suka fara tunanin ajiye firinta a gida. Wadda aka fi nema ita ce mai aiki uku a jiki ɗaya, wato ta buga takarda daga kwamfuta ko waya, ta yi fotokwafi, ta kuma ɗauki hoton takarda ta shigar da shi kwamfuta, abin da ake kira sikanin. Ruɗani yana farawa ne idan mutum ya shiga kasuwa, ko Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ya tarar da kwalaye jere masu kusan girma ɗaya da hoto iri ɗaya a jiki, amma kuɗin wata ya ninka na wata kusan sau uku. Mafi yawan masu saye sukan miƙa hannu ga mai sauƙin kuɗi, alhali a harkar firinta kuɗin da aka biya a shago shi ne ƙaramin kaso na abin da za a kashe a kanta.

Iri uku ne ke hannun mai matsakaicin ƙarfi: mai ƙaramin kwanson tawada da ake kira katirij, mai tankin da ake zuba wa tawada daga kwalba, da mai leza wadda ke aiki da garin tawada da ake kira tona.

Abubuwan da za a auna kafin a taya

Ma'auni na farko, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne kuɗin buga shafi ɗaya. Na'ura sau ɗaya ake sayenta, tawada kuwa ana sayenta muddin na'urar tana aiki. Lissafin ba shi da wuya: a tambayi farashin katirij ko kwalba ko kwanson tona, a raba shi da adadin shafukan da kamfani ya rubuta cewa zai buga. Tun da farashin waɗannan kaya yana bin dala, ya fi kyau mai saye ya yi lissafin da kansa a ranar da zai saya, yana tsaye a gaban mai shago. Sai dai a sani cewa adadin da kamfanoni ke rubutawa an samo shi ne ta gwaji bisa ƙa'idar ISO, wato hukumar tsara ƙa'idojin kaya ta duniya, inda ake buga shafuka masu matsakaicin rubutu a jere, kuma a gwajin baƙar tona rubutun bai wuce kimanin kashi 5 cikin 100 na fuskar takardar ba. Wanda ke fotokwafin satifiket mai tambari da adon gefe, ko yake buga katin gayyatar ɗaurin aure mai cike da launi, ba zai kai wannan adadi ba.

Na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, wadda mutane kan manta da ita saboda hankalinsu yana kan yawan shafuka kawai. Tawadar ruwa tana fitowa ne ta wasu ramuka da suka fi gashin kai siranta, a wani sashe da masu gyara ke kira hed, wato kan feshi, kuma idan aka daɗe ba a buga komai ba sai ta bushe a ciki. A ƙasarmu ta zafi da busasshiyar iskar hunturu wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ni kaina na taɓa barin wata firinta mai tawadar ruwa a kan tebur kusa da taga, ban lulluɓe ta ba, na yi tafiyar wata biyu a tsakiyar hazo. Da na dawo na buga shafin farko, rubutun ya fito da fararen layuka a tsakiyarsa kamar an karce shi da tsinke, shuɗi kuwa bai fito ba ko kaɗan. Na sa ta wanke kanta har sau uku, ina kallon tawada tana raguwa, ba ta gyaru ba, sai da na kai ta wurin mai gyara ya cire kan feshin, ya ɗura masa ruwan wanki da sirinji, ya bar shi ya kwana a jiƙe.

Na uku shi ne irin wutar da gidan ke da ita, ko ta gwamnati, ko janareta, ko sola da inbata, domin bambancin abin da waɗannan na'urori ke ja ya kai ninki ashirin ko fiye. Sauran ma'aunan su ne samun tawada ta ainihi da mai gyara a garin da mutum yake, da kuma sauƙin amfani, musamman ko tana da Wi-Fi, tun da a gidaje da yawa yanzu takardar da za a buga tana cikin waya ne, ta WhatsApp ta zo, ba a kwamfuta ba.

Mai katirij

Wannan ita ce mafi araha a shago. Misalanta su ne HP DeskJet 2320 da 2720, da Canon PIXMA MG2540S da TS3440. Ba ta da nauyi, ba ta cin wuri, ana fitar da ita daga kwali a saƙala katirij biyu, baƙi da na launi, ta fara aiki cikin mintuna kaɗan. Wutar da take ja ba ta taka kara ta karya ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne girman katirij ɗin. Baƙin katirij na HP mai lamba 305 shafi 120 aka ƙiyasta masa, na launi 100. Manyansu masu alamar XL suna kai 240 da 200. Na Canon, PG-445 da CL-446, kowanne shafi 180 ne, baƙin XL kuma 400. Bandir ɗin takarda guda 500 ne, ke nan kafin a gama bandir ɗaya an cinye katirij 305 fiye da huɗu, kuma ɗalibin da zai buga kundin bincikensa mai shafi 80 kwafi uku zai ƙarar da biyu a zama ɗaya. Ga shi kuma katirij na launi ya haɗa launuka uku a kwanso ɗaya, saboda haka idan rawaya ya ƙare dole a jefar da sauran ja da shuɗi da ke ciki. Ba a daɗewa kuɗin katirij ya zarce kuɗin na'urar kanta, kuma irin wannan ne Bahaushe ke nufi da ya ce araha ba ta ado.

Mutane kan kauce wa tsadar ta hanyar kai katirij a sake cika shi da sirinji. Yana yi na ɗan lokaci, amma kan feshinsa da zafi yake aiki, idan ya yi aiki a bushe sai ya ƙone, kuma na'urar takan daina nuna yawan tawadar da ta rage. Katirij na wasu kamfanoni da ake sayarwa a madadin na ainihi ma yana da nasa haɗari, domin tun shekarar 2016 kamfanin HP ya shigo da tsarin da ke sa na'ura ta ƙi katirij ɗin da ba ya ɗauke da guntun lantarki na kamfanin, kuma sabunta manhajar na'urar ta intanet yana iya sa katirij ɗin da ke aiki jiya ya daina yau.

Duk da haka tana da falala ɗaya da ya kamata a faɗa da gaskiya. A irin waɗannan na'urori kan feshin yana jikin katirij ɗin ne, saboda haka idan ya toshe, sayen sabon katirij ya zama sayen sabon kai, ba sai an je wurin mai gyara ba.

Mai tanki

Kamfanin Epson ne ya fara fito da wannan tsari a Indonesiya a shekarar 2010, bayan ya ga yadda mutane ke maƙala wa na'urorinsa tankuna na gargajiya da tiyo don gudun tsadar katirij, sannan Canon da HP da Brother suka biyo baya. Maimakon ƙaramin kwanso, na'urar tana da tankuna huɗu a jikinta, ana ganin tawadar ta cikin roba mai haske, ana kuma ƙara ta daga kwalba. Kuɗin sayenta ya fi na mai katirij nesa ba kusa ba, amma kwalaben farko suna zuwa a cikin kwali, kuma su kaɗai sukan ishi gida na dogon lokaci.

Epson L3210 da L3250 su ne aka fi gani a kasuwanninmu, kuma bambancinsu shi ne ta biyun tana da Wi-Fi. Tawadarsu mai lamba 103 ce, ko 003 idan daga Asiya aka shigo da na'urar, kowace kwalba mililita 65. Baƙar kwalba shafi 4,500 aka ƙiyasta mata, launukan uku a haɗe 7,500. Idan aka kwatanta da katirij 305, kwalba ɗaya ta tsaya a madadin katirij fiye da 37, alhali kuɗinta bai yi nisa da na katirij ɗaya ba. Bakin kowace kwalba an yi masa siffar da ba za ta shiga tankin wani launi ba, wanda ke hana kuskure. Wutar da take ja yayin bugu kimanin wat 12 ce, daidai da ƙwan fitila ɗaya na zamani, don haka ƙaramin inbata ma yana ɗaukarta. Kan feshinta ba da zafi yake aiki ba, yana da ƙarko, amma an girke shi a jikin na'urar ne, idan ya lalace gyaransa yana da tsada. Akwai kuma soso a cikinta da ke tsotse tawadar da ake zubarwa wajen wanki, kuma idan ƙidayar na'urar ta nuna ya cika sai ta tsaya cik, har sai mai gyara ya duba shi ya mayar da ƙidayar baya. Mai yawan sa ta wanke kanta shi ke saurin kaiwa wannan matakin.

Canon PIXMA G2420 da G3420 sun magance waɗannan abubuwa biyu ta wata hanya, domin mai na'ura yana iya cire kan feshin ya sa sabo da hannunsa, haka ma akwatin tara dattin tawada mai lamba MC-G02. Tawadarsu GI-41 ce, baƙa shafi 6,000, launi 7,700. Tsofaffin G3410 da G3411 masu tawada GI-490 har yanzu suna kasuwa. HP Smart Tank 515 da 580 su ma kawunansu na cirewa ne, kuma babbar baƙar kwalbarsu GT53XL mai mililita 135 tana kai shafi 6,000. Wani bambanci da ba a cika ambata ba shi ne irin baƙar tawadar: ta Canon da HP mai ƙwayoyin gari ce da ke zama a saman takarda, ta fi jure ɗigon ruwa da gumin hannu, ta Epson 103 kuwa rini ce, takan yi saurin ɓaci idan takarda ta jiƙe amma tana kyau a takardar hoto mai sheƙi. Ga wanda zai buga takardun da za a yi ta ɗauka a jaka lokacin damina, wannan abin lura ne.

Haɗarin mai tanki guda uku ne. Na farko shi ne bushewa idan aka bar ta, kuma maganinsa bai wuce a buga shafi ɗaya mai launuka duka kowane mako ba, a kuma lulluɓe ta da mayafi idan an gama. Na biyu shi ne ɗauke wuta a tsakiyar aiki, domin idan aka kashe ta ta maɓallinta takan mayar da kan feshin mazauninsa ta rufe shi, amma idan wuta ta yanke sai ya tsaya a buɗe iska na bugunsa; ƙaramin UPS, wato akwatin batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, yana kare wannan. Na uku, wanda ya fi ɓata mini rai saboda yawan na'urorin da yake kashewa, shi ne jabun tawada da ake zubawa a kwalabe masu kama da na ainihi. Tun da tawadar ainihi ta mai tanki ba ta da tsada idan aka raba ta a kan dubban shafuka, ban ga hikimar jefa kan feshi cikin haɗari don rage ɗan abin da bai kai ya kawo ba.

Mai leza

Mai leza ba ta da ruwa a cikinta ko ɗigo. Gari ne ake liƙa wa takarda, sannan wani sashe mai zafin da ke kusantar digiri 200 ya narkar da shi a kanta. Saboda haka ko an bar ta wata shida a ɗaki, ranar da aka kunna ta za ta buga kamar jiya aka yi amfani da ita, kuma rubutunta ba ya jin ruwa. Masu araha a cikinsu baƙi da fari kawai suke bugawa, ko da yake sikanin ɗinsu yana ɗaukar launi. Canon i-SENSYS MF3010 tana buga shafi 18 a minti, kwanson tonarta mai lamba 725 yana kai shafi 1,600, kuma ƙirarsa kusan ɗaya ce da ta HP 85A, abin da ya sa masu gyara a ko'ina suka saba cika shi. Aibinta shi ne ba ta da Wi-Fi, sai kebul. HP Laser MFP 135a da 135w suna buga 20 a minti da tona 106A mai shafi 1,000, M141a da M141w kuma da 150A mai shafi 975. A lambobin HP harafin ƙarshe yana da ma'ana, "w" na nuna akwai Wi-Fi, "a" babu. Pantum M6500 takan fi su sauƙin kuɗi, tonarta PC-210 shafi 1,600, amma a tabbatar ana samun tonar a garin kafin a saya. Kwanson da ke zuwa cikin sabon kwali yawanci bai kai cikakke ba, na MF3010 shafi 700 ne, na 135 kuma 500.

Babbar matsalarta ita ce wuta. Yayin bugu takan ja wat 300 ko fiye, kuma a lokacin da take ɗumama kanta tana iya kusantar 1,000. Wanda ya taɓa kunna ta a kan ƙaramin janareta ya san yadda fitilun ɗaki ke dusashewa injin ya yi nishi, wani lokaci ya mutu. Ƙaramin inbata ma yakan yi ƙara ya yanke, kuma masu ƙera UPS suna gargaɗin kada a jona irin wannan na'ura a kan ƙananansu.

| Ma'auni | Mai katirij | Mai tanki | Mai leza |
|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | mafi ƙanƙanta | mai yawa | mai yawa |
| Shafukan baƙi a cika ɗaya | 120 zuwa 400 | 4,500 zuwa 6,000 | 975 zuwa 1,600 |
| Kuɗin shafi ɗaya | mafi tsada | mafi araha | matsakaici |
| Buga launi | akwai | akwai | babu |
| Shafin baƙi a minti | 7 zuwa 8 | 9 zuwa 12 | 18 zuwa 22 |
| Cin wuta | kaɗan | kaɗan | mai yawa |
| Jure zama ba aiki | kaɗan | kaɗan | sosai |
| Babban haɗari | tsadar katirij | toshewar kan feshi | raunin wuta |

Ta hannu da wadda aka shigo da ita

Na'urar da aka yi amfani da ita a Turai ko Amurka takan burge da sauƙin kuɗinta, amma sayenta ba tare da gwaji ba sayen kifi ne a ruwa. HP da Canon suna raba lambobin katirij bisa yankunan duniya, ta yadda DeskJet ɗin da ke cin 305 a nan, 'yar'uwarta ta Amurka 67 take ci, kuma ba za ta karɓi wanda ke kasuwarmu ba. Mai leza da aka yi don Amurka wutar bolt 110 zuwa 127 take ɗauka, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce, jonawa ɗaya ya isa ya ƙona ta, don haka a karanta takardar da ke liƙe a bayanta. Na'urorin HP masu harafin "e" a ƙarshen lamba, kamar 2720e, idan an riga an kunna musu tsarin HP+ suna buƙatar intanet da tawadar kamfanin kaɗai. Mai tanki ta hannu kuwa kada a biya kuɗinta sai an buga shafin gwajin kan feshi a gaban mai saye, ya ga layukan launuka huɗu sun fito babu yankewa. Sabuwa ma a karɓi rasit da takardar garanti, a kuma ɗauko mai tanki a kwance kamar yadda take zama, kada a karkata ta a bayan babur idan an riga an zuba mata tawada.

Wace ce ta wa?

Gidan da ke da yara 'yan makaranta, ana buga aikin gida da hotuna da takardun tambayoyi kusan kowane mako, mai tanki mai Wi-Fi ce ta dace da shi, kuma bambancin kuɗin sayenta zai dawo tun kafin a gama kwalaben farko. Haka malamin Islamiyya ko na boko da ke shirya jarabawa a gida, da mai ƙaramar sana'a da ke buga rasit da takardar liƙa wa kaya, da duk gidan da ke kan sola. Idan garin yana da masu gyara da yawa, Epson L3250 ba ta da wahalar samun tawada da kayan gyara. Idan kuwa mai gyara yana nesa, na fi karkata ga Canon G3420 ko HP Smart Tank, saboda mai ita yana iya sauya kan feshi da kansa.

Ma'aikacin da ke yawan tafiya, ko ɗalibin digiri na biyu da zai yi wata uku bai buga komai ba sannan ya buga shafi 300 a dare ɗaya, kuma rubutu kawai yake buƙata, mai leza ce tasa, matuƙar yana da wuta mai ƙarfi ko babban janareta. Wanda ke fotokwafin takardu masu shafuka da yawa ya nemi mai faifan zuƙar takarda a sama, irin Epson L5290, ko Brother DCP-L2540DW wadda ke buga gaba da baya da kanta, domin duk waɗanda aka ambata a baya sai an ɗaga murfi an ɗora takarda ɗaya bayan ɗaya.

Mai katirij ta dace ne kawai da wanda babban aikinsa sikanin ne, bugunsa bai wuce shafi goma ko ashirin a wata ba, yana son launi jefi-jefi, kuma kuɗin hannunsa ba zai kai mai tanki ba a yanzu; shi ma ya sayi katirij XL, ya kuma buga ko da shafi ɗaya ne kowane mako. Wanda kuwa buƙatarsa ba ta wuce takarda biyu ko uku a wata ba, kuma akwai shagon buga takardu a bakin layinsu, ya riƙe kuɗinsa, ya riƙa ɗaukar hoton takardunsa da manhajar sikanin ta waya, ya kai shago a buga masa idan buƙata ta taso.